Dokar 2021 Da Matan Zongon Kwatano: Wa Aka Tambaya?

A daren 20 ga Oktoba 2021, majalisar dokokin Jamhuriyar Benin da ke Porto-Novo ta yi wa dokar lafiyar haihuwa ta 2003 gyara. Tsohuwar dokar ta yarda a zubar da ciki ne kawai idan ran uwa na cikin haɗari, ko an samu cikin ta hanyar fyaɗe ko daga muharrami, ko kuma ɗan tayin na ɗauke da mummunar nakasa. Sabuwar ta ƙara wata ƙofa: mace na iya neman a cire mata cikin da bai wuce mako 12 ba, idan zai jefa ta cikin ƙunci ta fuskar abin hannu, ko karatu, ko sana'a, ko kwanciyar hankali. Shugaba Patrice Talon ya sa mata hannu ranar 20 ga Disamba.

Tun daga lokacin ake ba da labarin dokar nan a tarurruka da jaridun waje da siga ɗaya: wai mata ne suka haɗa kai tun daga unguwanni, suka bi 'yan majalisa ba tare da duba jam'iyya ba, har haƙarsu ta cimma ruwa. Wannan labarin nake son mu duba, domin rabinsa gaskiya ne, rabinsa kuwa ado.

Gaskiyar da ke ciki ba ƙarama ba ce. Ƙungiyar ABPF, wadda ke aikin tsarin iyali a ƙasar tun 1972, da ƙungiyar likitocin mata, sun daɗe suna kai kuka. Su ne ke karɓar yarinyar da aka kawo tsakar dare jini na zuba, bayan ta sha jiƙe-jiƙe ko ta faɗa hannun wanda bai san aikin ba. Ministan lafiya Benjamin Hounkpatin, wanda shi kansa likitan mata ne, ya ce kusan mata 200 ke mutuwa duk shekara ta wannan hanya. Wanda ya taɓa ganin irin wannan gawa ba zai ce an yi dokar don wasa ba.

Amma maganar "ba ruwanmu da jam'iyya" tana ba ni dariya. Majalisar da ta yi dokar ta fito ne daga zaɓen 2019, wanda ba a bar 'yan adawa sun shiga ba. Kujeru 83 duka na jam'iyyu biyu ne, Union Progressiste da Bloc Républicain, kuma dukansu na bayan shugaban ƙasa suke. To ina jam'iyyar da aka tsallake? Daftarin ma daga gwamnati ya zo. Turjiyar da aka samu daga cikin gida ta taso, daga shugaban majalisar da kansa, Louis Vlavonou, sai kuma limaman Katolika daga waje. Saboda haka abin da ya ɗauki dokar nan ya kai ta gaci shi ne nufin fadar shugaban ƙasa. Masu fafutuka sun share fage, ba shakka, amma ba su ne suka tura ƙofar ba. Wannan kuwa yana da hatsari ga su kansu, don abin da aka ba ka daga sama, daga sama ake iya karɓe shi. A Legas an ga haka a 2022, lokacin da gwamna ya dakatar da ƙa'idojin da ma'aikatar lafiyarsa ta fitar kan wannan batu, 'yan kwanaki bayan an ƙaddamar da su.

Sai mu dawo Zongo. Da Faransanci aka rubuta dokar, da shi aka yi muhawararta. Matar da ke sayar da waina kusa da babban masallaci, ko wadda ke sammako zuwa kasuwar Dantokpa, abin da ya iso kunnenta jimla ɗaya ce: gwamnati ta halatta zubar da ciki. Ba mako 12, ba sharuɗɗa, ba bayani. A unguwar da mafi yawan malamai ke kan mazhabar Malikiyya, wadda ta fi sauran mazhabobi tsanantawa a wannan mas'ala, jimlar nan kaɗai ta isa ta rufe zancen. Mu da ke aikin rediyo mun san yadda layin waya ke mutuwa da zarar an ambaci kalmar. Illar kuma ba a nan ta tsaya ba: tazarar haihuwa da awon ciki, waɗanda malamai da dama ba su da ja a kansu, sai su ma su shiga cikin zargi.

Abin takaicin shi ne manufar da ake ta ambata ta fi haka faɗi. Baƙaƙen matan Amurka da suka fito da ita a Chicago a 1994 ƙafa uku suka ba ta: 'yancin mace ta ƙi haihuwa, 'yancinta ta haihu, da 'yancinta ta reni abin da ta haifa cikin aminci. Sun yi haka ne don sun ga ana ta magana kan ta farko, an manta da sauran biyun, alhali su ne suka fi damun talaka. A Benin ma kusan haka aka yi. Matar Zongo ba ta rasa abin faɗa a kan ƙafa ta biyu da ta uku. Tun 2009 gwamnati ta ce tiyatar haihuwa kyauta ce, amma kuɗin zemijan zuwa asibiti, da awo, da magani kafin a kai ga tiyatar, daga bakin zanenta suke fita. Tana da magana kan yadda ake yi wa mai naƙuda tsawa, da kan 'yarta da ta bar makaranta. Da daga nan aka fara, da an same ta.

Kuma ba a ce ba ta da ƙungiya ba. Tana da adashi, tana da makarantar Islamiyya ta matan aure, tana da zumuntar biki da suna, inda ake tara kuɗi a kai wa mai jego cikin yini ɗaya. Wannan shi ne haɗin kai na tushe, ba taron otal da ake raba jaka da kuɗin mota ba. A Najeriya, FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985 ta nuna cewa matan Musulmi na iya buɗe asibitoci da makarantu, su zauna da hukuma kan lafiyar uwa, ba tare da sun ajiye addininsu a bakin ƙofa ba.

A 2023 gwamnati ta fitar da ƙa'idojin aiwatar da dokar. Aikin da ya rage shi ne a fassara su zuwa Hausa da Dendi da Yarbanci da Fon, a karanta su a rediyo da likita da malami zaune a ɗaki ɗaya, a buɗe layi mata su kira. Wasu za su ƙi dokar bayan sun ji ta sarai, kuma haƙƙinsu ne. Wasu za su tambayi abin da ya sa ba a yi irinta kan kuɗin awon ciki ba, su nemi sunan ɗan majalisar da ke wakiltar unguwarsu.