Bakandamiya Da Ladan Makaɗi

Ku 'yan makaranta, na san da yawa a cikinku kun taɓa jin muryar Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa, Amadu. Waƙarsa da ta fi shahara ita ce Bakandamiya. Wani malami ya ce mini ba ya sonta, wai alfahari ya yi mata yawa, don mutum ya zo yabon Sarki ya ɓuge da yabon kansa.

Ni kuwa a ganina nan ne hikimar waƙar ta ke. Ku duba yadda makaɗin fada ya ke samun abinci. Ba shi da albashi ƙarshen wata kamar magatakarda. Ya kan kwana yana saƙa waƙa, ya koya wa 'yan amshi har ta zauna a bakinsu, sa'an nan ran salla ya tsaya ƙofar fada ya rera. Kadan ta yi wa Sarki daɗi, a ba shi doki, ko riga, ko damman hatsi. Kadan ran Sarki a ɓace ya ke, sai haƙuri. Abin da ya samu kuma da mutanensa zai raba. Sunan abin kyauta, mai kyauta kuwa ba a ce masa ƙara. Masaƙi ya kan kai zanensa kasuwa, a taya, ya ce albarka. Makaɗi ba a ba shi wannan baki ba, har ana ce masa maroƙi, sai ka ce bai kawo kome ba. To, ina zai yi wa kayansa kuɗi in ba cikin waƙar kanta ba? Da Narambaɗa ya ɗaukaka waƙarsa bisa ta sauran makaɗa a gaban Sarki da fadawa, ciniki ya ke yi, ya ƙi tayi kaɗan. Kuma bai yi cika baki ba, gama kayan sun kai.

Mamman Shata na Musawa, mai kalangu, shi ma ya yi tasa Bakandamiyar. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999. Amma a zamaninsa sha'anin ya sake kama. Murya ta shiga faifai, ta shiga rediyo da kaset, ana jinta har zangon Kumasi, makaɗi yana gida bai sani ba. Sarki ko ya hana doki, ai ya ga fuskar mai waƙa, kunya ta kan sa ya ba da gobe. Mai kwafar kaset a kasuwa bai taɓa ganinsa ba, balle ya ji kunyarsa. A 1988 ɗin nan Nijeriya ta yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka, ta sake wata a 2022, amma har yau da kuɗi kaɗan a kan cika maka waya da waƙoƙin mutanen nan biyu, iyalinsu ko anini.