Dodo Mai Nadama a Akwatin Talabijin

A daren 21 ga Nuwamba, 1999, tashar Fox ta Amurka ta haska wani kashi na shirin The X-Files mai suna Hungry, wato mayunwaci. Tun 1993 masu kallo suka saba da yadda shirin ke tafiya: a kashe wani ta hanyar da hankali ba zai ɗauka ba, jami'an FBI biyu, Mulder da Scully, su iso su bi sawu har su cim ma abin da ya yi ɓarnar. A wannan dare sai kyamara ta rabu da jami'an, ta bi mai kisan har cikin ɗakinsa.

Sunansa Rob Roberts, saurayi mai ladabi da kunya, ma'aikaci a shagon sayar da abinci na Lucky Boy da ke garin Costa Mesa a jihar Kalifoniya. Gashin kansa da kunnuwansa da haƙoransa duk na aro ne, da su yake ɓoye ainihin halittarsa. Haka aka haife shi, babu abin da ke kashe masa yunwa sai ƙwaƙwalwar ɗan Adam. Kuma ba ya so. Yana haɗiyar ƙwayoyin rage cin abinci. Yana zama gaban likitar ƙwaƙwalwa, Dakta Mindy Rinehart, wadda kamfaninsu ya ɗauko don ta kwantar wa ma'aikata hankali bayan kisan farko. Har taron masu fama da yawan ci ya halarta, ya miƙe gaban jama'a yana bayanin yunwarsa, kowa na gyaɗa kai, babu wanda ya san irin abincin da yake nufi.

Vince Gilligan ne ya rubuta labarin, Kim Manners ya ba da umarni, Chad Donella ya fito a matsayin Rob. Larura ma ta taimaka, domin a lokacin David Duchovny da Gillian Anderson, masu fitowa a matsayin Mulder da Scully, suna kan aikin wasu finafinai, ana buƙatar labarin da ba zai ci lokacinsu da yawa ba. Sai ga Mulder ya koma abin tsoro: mutumin da ke faɗowa ba sallama, ya yi tambaya yana murmushi, ya tafi ya bar yaro da bugun zuciya.

Irin wannan mugu, wanda zuciyarsa ta rabu biyu, ya zama ginshiƙi a shirye-shiryen dodanni da fatalwa da masu shan jini. Mai kallon da ya tashi da tatsuniya zai ga bambancin nan take. Dodon tatsuniya ba ya kwana da tunani, yana haɗiye mutum ne ya wuce, sai an tsaga cikinsa a fito da bayin Allah. Haka ma bos a tsofaffin finafinan faɗa, aikinsa ya yi mugunta har akta ya gama da shi. Dodon talabijin kuwa an ba shi lamiri, an bar masa yunwarsa.

Tushen abin a talabijin ɗin Amurka yana komawa ga Dark Shadows, shirin da tashar ABC ke nunawa da rana daga 1966 zuwa 1971. Kasuwarsa ta fara ja da baya, sai mai shirin, Dan Curtis, ya shigo da wani mai shan jini a 1967, Barnabas Collins, da niyyar ya yi ɓarna na ɗan lokaci a kashe shi. Jonathan Frid, ɗan wasa daga Kanada, ya fito da shi cikin alhini da kaɗaici, kamar mai ɗauke da cutar da yake jin kunyarta. Masu kallo suka so shi. Maimakon a kashe shi, aka ƙirƙiro masa tarihi: wata matsafiya mai suna Angelique ce ta la'ance shi a ƙarshen ƙarni na 18, ga kuma likita Julia Hoffman tana nema masa magani. Mutumin da ya sace wata budurwa mai suna Maggie Evans ya kulle ta don ya mayar da ita siffar tsohuwar masoyiyarsa, shi ne ya koma jarumin shirin.

A nan aka haifi salon, a nan kuma aka haifi cutarsa. Duk mugun da ya yi farin jini, sai marubuta su fara wanke shi. Spike, mai shan jini a shirin Buffy the Vampire Slayer, an shigo da shi a 1997 don ya mutu cikin zangon, amma James Marsters ya burge jama'a, aka bar shi har ƙarshen shirin a 2003, ya samu ruhi, ya sadaukar da kansa. Damon Salvatore na The Vampire Diaries ya karya wuyan ƙanin jarumar shirin, Elena, a gaban idonta, amma da shirin ya ƙare a 2017 shi ne ya same ta. Jinin da suka zubar a zangon farko, zuwa zango na biyar ya zama tsohon zance. Wannan ba zurfin labari ba ne, lissafin kasuwa ne.

Shi ya sa mafi ingancin waɗannan miyagu su ne na kashi guda, waɗanda ke da minti arba'in da 'yan kai su zo su tafi. Babu lokacin wanke su, babu masoyan da za a ji tsoron ɓata wa rai.

Kashin Buffy mai suna Lie to Me, wanda Joss Whedon ya rubuta ya kuma ba da umarni, aka nuna a 3 ga Nuwamba, 1997, misali ne mai kyau. Billy Fordham, da ake kira Ford, tsohon abokin makarantar Buffy ne daga Los Angeles. Ya biyo ta garin Sunnydale da fara'a, alhali ya je ya ƙulla ciniki da Spike: zai miƙa masa Buffy, shi kuma a mayar da shi mai shan jini. Ya tara wasu matasa masu sha'awar masu shan jini a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ƙofarsa ba ta buɗuwa sai daga waje, ya yi musu alkawarin rai madawwami, alhali ya san abincin dare ne kawai za su zama. Sai da Buffy ta ritsa shi ya faɗi dalili: ciwon daji ne a ƙwaƙwalwarsa, saura masa kamar wata shida a duniya.

Abin da ya ɗaukaka wannan kashi shi ne amsar Buffy. Fuskarta ta canza, tausayi ya kama ta, amma ba ta janye ba. Ta nuna masa cewa yana da zaɓi ko da zaɓin ba mai daɗi ba ne, kuma ciwonsa bai halasta masa jinin yaran da ya yaudara ba. Ta ceci matasan, Ford ya rage a ciki tare da masu shan jinin da ya gayyato. Da ya taso daga kabari ya zama abin da ya nema, ita ce ke tsaye a wurin ta soke shi. Mai kallo ya fahimci Ford sarai, ba a kuma nemi ya yafe masa ba. Fahimta daban, yafiya daban, kuma marubuta da yawa sun kasa riƙe wannan iyaka.

Hanya mafi sauƙi ta gane ko marubuci yana da gaskiya da mai kallo ita ce a duba wa ya bari dodonsa ya kashe. A shirin Supernatural, wanda ya yi zango 15 daga 2005 zuwa 2020, akwai kashin The Girl Next Door na 2011. Amy, wadda Jewel Staite ta fito a matsayinta, halitta ce da ke rayuwa da wani sashe na ƙwaƙwalwar mutum. Ta samo mafita, tana aiki a ɗakin ajiye gawa, tana ci daga matattu. Da ɗanta ya kamu da rashin lafiya sai ta fara farautar masu rai. Tun suna yara ta taɓa kashe mahaifiyarta don ta ceci Sam, ɗaya daga cikin jaruman shirin, saboda haka Sam ya ƙyale ta. Yayansa Dean ya bi ta a ɓoye ya kashe ta, ɗanta ya shigo ya gani. Labari ne mai taɓa zuciya, amma an sa hannu a ma'auni: cikin waɗanda ta kashe har da dillalin ƙwaya, irin mutumin da marubuci ya san ba wanda zai yi masa kuka. Tausayin da ake ji wa Amy an saye shi da araha.

A Hungry, Gilligan ya fara da wannan dabarar, sannan ya karya ta da gangan. Wanda Rob ya fara kashewa abokin ciniki ne mai rashin mutunci. Derwood Spinks, abokin aikinsa, tsohon fursuna ne da ya gano sirrinsa yake neman kuɗin toshiyar baki. Har zuwa nan mai kallo yana iya samun uzuri. Sai ga Sylvia, maƙwabciyarsa, mace mai kirki da ta yi murnar ganinsa a taron masu fama da ci, ta ɗauke shi abokin gwagwarmaya. Sun dawo gida suna hira, sun yi sallama, yunwa ta taso masa, ya koma ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Daga wannan lokacin babu sauran mafaka ga mai kallo. Yana son Rob ya tsira, ya kuma san cewa tsirarsa na nufin wata Sylvia gobe. Ba abin mamaki ba ne da wannan marubuci ya zo a 2008 ya ƙirƙiri Breaking Bad, labarin malamin makaranta mai ciwon daji da dalilinsa na farko ya kasa rufe ɓarnarsa ta ƙarshe.

Duk da haka akwai abin da ke damun mai lura a yadda waɗannan labarai ke ƙarewa. Rob ya cire kayan aronsa gaban Dakta Rinehart, ta dube shi da tausayi maimakon ta gudu, sannan da jami'ai suka shigo ya afka wa Mulder da gangan don a harbe shi. A kashin Heart na Supernatural, a 2007, Madison, sakatariya a San Francisco, ba ta ma san tana rikiɗa ta zama kyarkeci cikin dare ba. Da magani ya gagara, ita ta roƙi Sam ya harbe ta. Kusan kullum mafita ɗaya ce, wanda aka haifa da abin ko ya same shi ba da son ransa ba, ya mutu kowa ya huta. Idan aka tuna cewa marubutan da kansu ne suka jingina yunwar dodo da jarabar shaye-shaye da cutar cin abinci, wannan hukunci yana da nauyi. Bahaushe ma ya san irinsa. A camfinmu ana cewa maita a nono ake shan ta, kuma an ga yadda wannan zance ke hana 'ya'yan gida guda aure, ko ya jawo a far wa tsohuwar da ba ta ji ba ba ta gani ba. A allo dai dodon na gaske ne, gawarwakin ma an nuna su. A unguwa zargi ne kawai.

Shiri mai dogon zango da ya fi ƙoƙarin kauce wa tarkunan nan biyu, wanke mugu da kashe shi don halittarsa, daga Birtaniya ya fito. Being Human na BBC, wanda Toby Whithouse ya ƙirƙira, ya haɗa mai shan jini da mai rikiɗa da fatalwa a gidan haya ɗaya a Bristol. Mitchell, wanda Aidan Turner ya fito a matsayinsa, yana aikin tura marasa lafiya a asibiti, yana fama ya daina shan jini, yana faɗuwa yana tashi. A zango na biyu, a 2010, fushi ya ɗebe shi, shi da wata mai suna Daisy suka hallaka fasinjoji 20 a cikin jirgin ƙasa. Shi ne ɗan wasan da ya fi farin jini a shirin, amma marubutan ba su binne maganar ba. Zango na uku gaba ɗaya a kan wannan laifi ya tsaya: aka sa shi ya fuskanci ɗaya daga cikin mamatan, yarinya mai suna Lia, 'yan sanda suka bi sawunsa, abokan zamansa suka san gaskiya ɗaya bayan ɗaya. Shi ma mutuwa ce ta zama ƙarshensa a 2011, a hannun amininsa George, sai dai an kai ga wannan ne bayan an shafe zango guda ana bin bashin mutum 20, ba don an haife shi da yunwa ba.