Tahafutul Falasifa: littafin da muke ambato ba mu karanta ba

 

Kwanan baya, bayan darasin nahawu na Magariba a masallacinmu na Umdurman, wani ɗalibina ya tsaya ya ce: "Malam, na sayo littafin manɗiƙi wurin masu shimfiɗa littattafai a Suk al-Arabi ta Khartum, abokaina suka ce in jefar, wai Imam Gazali ya gama da wannan ilmi tun tuni." Na ce: "Ɗana, a cikinsu wa ya karanta Tahafut?" Babu ko ɗaya. To, bari mu duba littafin kansa.

Gazali, Allah Ya jiƙansa, ya kammala Tahafutul Falasifa a Bagadaza a shekara ta 488 Hijira, wato 1095. Yana da wani littafin, Maƙasidul Falasifa, inda ya shimfiɗa ra'ayin mutanen dalla-dalla. Ya san abin da yake suka. A Tahafut ya ɗauki mas'aloli 20 na Farabi da Ibn Sina. Uku kaɗai ya kafirta a kansu: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba sai a dunƙule, da musun tashin jikkuna ran alƙiyama. Sauran 17 ya sa su a bidi'a. Lissafi da manɗiƙi kuwa bai taɓa su ba. Har ya yi gargaɗi cewa mai musun bayanin husufi da sunan kare addini, cutar da addinin yake yi.

Inda littafin ya fi ƙarfi, a ganina, mas'ala ta 17 ce, ta wuta da auduga. Gazali ya nuna cewa ganin ƙuna duk lokacin da suka haɗu bai tabbatar da cewa wutar ce mai aikin da kanta ba. Allah ne Mai halittar ƙunar, shi ya sa wutar Annabi Ibrahim ta yi sanyi. Hujja ce mai kyau ƙwarai.

Amma littafin yana da rauni. Gazali da kansa ya faɗa cewa rusau ya zo yi a nan, ba gini ba, don haka ɗalibin da ya tsaya a kansa zai fito da shakka a hannu ba tare da madafa ba. Kuma harshensa a muƙaddima yana da zafi, matasa sukan kwashi zafin su bar hujjar.

Wanda ya mayar masa da martani ba baƙo ba ne a wurinmu. Ibn Rushd ne, alƙalin Ƙurɗuba, Bamalike, mai Bidayatul Mujtahid da muke karantawa, ya rasu 1198. A Tahafutut Tahafut ya bi Gazali mas'ala bayan mas'ala. Ya ce da yawa daga abin da aka rusa na Ibn Sina ne, ba na Aristo ba, kuma kore sabubba kore ilmi ne baki ɗaya. A aƙida ina bayan Gazali. Sai dai gargaɗin Ibn Rushd ya same mu, domin na ji mai cewa ba zai tafasa ruwa lokacin kwalara ba, ai wuta ba ta komai. Gazali bai faɗi haka ba. Ya yarda Allah Ya gudanar da al'ada a halittarsa, kuma a kanta ake aiki.

Magabatanmu ba su tsorata da wannan fage ba. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Rumfa, ya kare manɗiƙi lokacin da Suyuɗi ya haramta shi. Sullam na Akhdari an daɗe ana karanta shi a zaurukanmu. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, wanda ya rasu 1864, ya yi rubutu a falsafa.

Yaranmu suna shiga jami'o'in Khartum, suna haɗuwa da waɗannan tambayoyi ko mun so ko mun ƙi. In ba mu da amsa sai "haramun ne", za su nema a wani wuri. Shawarata: a fara da aƙida, a bi da Sullam, sannan a karanta Tahafut ɗin biyu a gaban malami. Allah Shi ne Mafi sani.