Hukuncin Masu Tara Wuƙaƙe

A ƙasashen Turai da Amurka akwai waɗansu mutane da su ke tara wuƙaƙen aljihu, watau irin waɗanda a ke naɗe ruwansu ya shige cikin ƙota. Ba mahauta ba ne, ba kuwa dukawa ba. Sha'awa ce kurum, kamar yadda wani attajiri ya kan tara dawaki alhali ba shi da niyyar tafiya ko'ina. Yau bakin waɗannan mutane shi ke ɗaukaka maƙeri, shi ke kuma kā da shi, saboda haka ya kamata a auna hukuncin nasu a gani.

In sabuwar wuƙa ta zo hannun ɗayansu, sai ya ɗaga ta wajen haske ya duba ko akwai 'yar kafa tsakanin ƙashin ƙota da ƙarfen baya. Sa'an nan ya naɗe ta, ya ga ko ruwan ya kwanta daidai a tsakiya. Ya kuma buɗe ya rufe yana saurare, don ruwan ya tafi sumul ya faɗa da ƙara, abin da su ke kira tafiya da magana. Wannan ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Maƙerin da ya san za a yi wa aikinsa irin wannan ƙwaƙƙwafi ba ya ha'inci.

Kuma gaskiya ne su suka riƙe sana'ar da ta tasam ma mutuwa. A Amurka ma'aikatar Schrade ta rufe a 2004, ta Camillus a 2007, ta Queen a 2018, galibi domin wuƙaƙe masu araha daga ƙasashen waje sun ci kasuwa. Amma Great Eastern Cutlery, wadda aka kafa a garin Titusville a 2006, ta tsaya da ƙafarta, tana yin irin na da, da ƙotar ƙashi ko ƙaho ko itace, don masu tarawa suna saye. A Sheffield ta Ingila ma, tsohon maƙerin nan Stan Shaw, wanda ya rasu a 2021, sai mutum ya yi shekaru yana jira kafin ya sami wuƙa daga hannunsa.

To, amma ga inda na rabu da su. Wuƙa don yanka aka yi ta, su kuwa da yawansu ba su yanka kome. Wani ya kan sayi wuƙa ya shafe ta da mai, ya mai da ita cikin kwalinta ya kulle, har suna yi wa irinta kirari da sarauniyar akwati. In aka wasa ta sau ɗaya a dutse, kuɗinta ya faɗi. Yaya mutumin da bai taɓa feƙe alƙalami ko yanke igiya da wuƙa ba zai gaya mana ko maƙerinta ya iya ba ƙarfe ruwa? Kaifi da jimirinsa ba a ganinsu da ido, sai an yi aiki.

Dubi kuma batun ɗigo. A 1970 kamfanin Case na garin Bradford ya sa ɗigo 10 a ƙarƙashin hatiminsa, ko wace shekara a cire guda, don a san shekarar da aka ƙera wuƙa. Nan da nan ɗigon ya zama abin ciniki. Wuƙa biyu iri ɗaya, ƙarfe ɗaya, mai ɗigo 10 ta fi 'yar'uwarta daraja. Wannan kam ba yabon maƙeri ba ne, ƙidayar ɗigo ce. Haka kuma in Great Eastern ta fitar da wani samfuri kaɗan, sai a yi wawarsa, a koma a sayar da tsada, a ce wai tsadar shaida ce ta kyau. Ƙaranci ne ya kawo ta.

Waɗanda wannan ma'auni ya fi ƙwara su ne maƙeran talakawa. Joseph Opinel ya fara wuƙarsa a Faransa a 1890: guntun itace, da ruwa siriri, da zobe, wanda aka ƙara wa makulli mai juyawa a 1955. Douk-Douk ta garin Thiers, ta 1929, ƙotarta fallen ƙarfe ne aka lanƙwasa, ta kuwa bazu a ƙasashen Afirka da Faransa ta mallaka. Okapi an fara ta a Solingen ta Jamus a 1902, aikinta ya koma Afirka ta Kudu a 1988. In an ɗaga waɗannan wajen haske sau da yawa a ga kafa, ruwan ma ya kan karkata. Amma manomi ya kan wasa su a kan dutsen bakin rafi su yi kaifi, in sun ɓace ya sayi wata ba da baƙin ciki ba. Maƙerin da ya yi dabarar da wuƙa mai ci za ta isa aljihun mai ƙaramin ƙarfi, ni a ganina ya warware matsala mai wuya fiye da wanda ya goge ƙaho ya yi ƙyalli, sai dai ba safai masu tarawa su ke sa shi a sahun gaba ba.