Raguna Huɗu, Minti Biyu

Za a tsayar da raguna huɗu a fili, kowanne da lambarsa, daga 1 zuwa 4. 'Yan sakandare su kewaye su, kowa da ɗan littafi da fensir, babu mai ce wa ɗan'uwansa uffan, domin raɗa kaɗai ta isa ta fitar da mutum daga gasa. Bayan kamar rubu'in awa a ce lokaci ya cika, kowa ya miƙa katin da ya jera ragunan a kai, daga zakara zuwa na kashin baya. Haka za a yi ta kawo rukuni bayan rukuni, shanu, awaki, tumaki, har da aladu tunda can ana kiwonsu. Wannan ita ce gasar tantance dabbobi ta ɗaliban aikin gona a Amurka, kuma cikin duk abin da ake koya wa yaran karkara a makaranta ban san wanda ya fi ta burge ni ba.

Ƙungiyar da ta fi shahara da ita sunanta FFA, wato Manoman Gobe na Amurka, kuma za a iya cewa a gindin turke aka yanke mata cibiya. A 1917 aka yi dokar Smith-Hughes, wadda ta sa gwamnatin tarayya zuba kuɗi don koyar da noma a sakandare. A 1926 aka gayyaci ɗaliban wannan fanni zuwa birnin Kansas domin gasar tantance dabbobi a babban baje-kolin American Royal. Shekara biyu bayan haka, a 1928, wakilai 33 daga jihohi 18 suka kafa ƙungiyar a wannan birni. Ba a haɗe ta da takwararta ta ɗalibai baƙar fata ba sai 1965, 'yan mata kuwa sai 1969 aka buɗe musu ƙofa. Yau membobinta sun haura miliyan ɗaya, ana gane su da shuɗiyar jaket ɗin da suka fara sawa tun 1933.

Abu na farko da ake koya wa yaro shi ne ya ja baya. Sabon shiga yakan ruga ya manne wa dabba, alhali daga nesa ake ganin tsari: tsawon jiki, miƙewar gadon baya, yadda ƙafafu suka dasu a ƙasa. Ya duba ta gefe, ya zagaya ta baya ya ga faɗin cinya, ya dawo ta gaba ya ga ƙirji. In an kora dabbar ya lura da takunta, ko tana jan ƙafa, ko kofaton baya yana sauka inda na gaba ya tashi. Sai bayan nan hannu ya shigo. Tumakin can masu ulu ne, ulu kuwa maƙaryaci ne, don haka yaro zai haɗe yatsunsa ya bi gadon baya a hankali, ya danna haƙarƙari ya ji kaurin kitsen da ya rufe shi, ya auna tsawon ƙugu da tafin hannu, ya kama cinya. Duk yadda ya taɓa na farko haka zai taɓa sauran ukun, in ba haka ba hannun ma ya yaudare shi.

Kuma dole ya san me ake nema da dabbar. Ta yanka, tsoka ake so da kitse daidai gwargwado. Wadda ƙiba ta yi wa yawa aibi ne gare ta, don mahauci yanke kitsen zai yi ya zubar. Ta haihuwa kuwa, ƙarfin ƙafa da yalwar ciki da lafiyar hantsa sun fi nauyinta muhimmanci, saboda shekaru za ta yi a garke. Ƙaho da kwarjini, waɗanda ke tsinka farashin ragon layya a wurinmu, ba sa cikin lissafi.

Hanyoyi 24 ne za a iya jera dabbobi huɗu, ɗaya ce tak ta dace da ta alƙalai, mai maki 50. Amma ba a yi wa wanda ya kuskure kuɗin goro. Alƙalai kan sa wa kowane maƙwabta biyu tazara gwargwadon bambancinsu. A ce jerinsu 1-2-3-4 ne, tazarar kuma 2, 5, 3. Wanda ya musanya na ɗaya da na biyu maki 2 kawai ya rasa, don kusan kunnen doki suke. Wanda ya musanya na biyu da na uku ya rasa 5, don wannan ko makaho ya shafa ya ji. Akwai adalci a nan da na so a ce masu gyaran jarrabawa sun ara.

Duk wannan rabin aikin ne. Wanda ya taɓa tsayawa a kara, a Maigatari ko Wudil ko Potiskum, ya san muna da masu idon da ya kai haka har ya wuce. Dillali zai kalli Balami sau ɗaya, ya matsa ƙugunsa, ya buɗe bakinsa ya ga haƙora, ya yanka masa kuɗi. Amma tambaye shi dalili, sai ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ai rago ya faɗi kansa." Iliminsa a cikinsa yake, yaronsa kuma sai ya shekara goma yana riƙe igiya kafin ya tsinci abin da ya tsinta.

Su waɗannan ɗalibai tilasta musu ake yi su fito da dalilin fili. Bayan an kwashe dabbobin, wani lokaci da awanni, za a kira yaro shi kaɗai gaban alƙali. Ya tsaya ƙyam, hannu a baya, ba takarda, ya kare jerinsa cikin abin da bai wuce minti biyu ba, a kan wasu maki 50. Magana ce mai ƙa'ida. Bibbiyu ake ɗaukar dabbobin, na sama, na tsakiya, na ƙasa, kuma a kowane biyu sai ya yi abu uku: ya faɗi abin da na gaba ya fi na baya da shi, ya amsa abin da na bayan ya fi shi, sannan ya faɗi aibin da ya kayar da shi. Misali ya ce ya ɗora 3 a kan 1 domin ya fi shi cikar cinya da faɗin ƙugu. Ya yarda 1 ya fi tsawo, ya fi kyan taku. Sai dai haƙarƙarinsa a fili yake, bai kai yanka ba. "Wannan ya fi kyau" ba magana ba ce a ɗakin nan. Ya fi da me, a wace gaɓa? In kuma ya laƙa wa rago abin da ba shi da shi, alƙalin ya ga ragon da idonsa.

Wannan gaɓa ta tsakiya, ta amsa alherin wanda ka kayar, ita ce ta fi kama ni. Yaro ɗan shekara goma sha biyar yana koyon yanke hukunci cikin ƙurarren lokaci, ya tsaya a kansa gaban babba ba tare da rawar murya ba, kuma ya faɗi gaskiyar ɓangaren da bai zaɓa ba. Har yakan faru wanda jerinsa ya saɓa wa na alƙalai ya ci maki mai kyau a bayani, don ya ga dabbobin da kyau, nauyin da ya ba kowace siffa ne ya bambanta. Dattawa nawa ne a zauren sulhu ko taron ƙungiyar manoma suka iya wannan?

Shi ya sa ban yi mamaki ba da na ga yaran ne da kansu ke tafiyar da rassan ƙungiyar. Su ke zaɓen shugaba da ma'aji da sakatare, su kira taro, su kawo ƙuduri, su yi ƙuri'a, malami na gefe a matsayin mai ba da shawara. Kowane muƙami da alamarsa: garma ta mataimakin shugaba, zangarniyar masara ta sakatare, ta malamin kuwa mujiya, wai don hikima, abin da zai sa Bahaushe ya yi a'uziyya. Jimmy Carter, manomin gyaɗa da ya zama shugaban Amurka a 1977, ya riƙe sakataren reshensu a garin Plains na jihar Jojiya.

A ranar gasa, inda ya fi ko'ina abin kallo shi ne bakin ƙofar ɗakin bayani. Yara ne birjik cikin shuɗiyar jaket, wasu sun fuskanci bango, wasu na kai da komo, leɓɓa na motsi kamar masu tilawa, kowa na ƙoƙarin dawo da rago mai lamba 2 cikin idonsa kafin a kira shi.