Salsala a Bakin Takarda: Tsokaci a kan Littafin Slaves in the Family na Edward Ball

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan hanyar da Edward Ball ya bi wajen gano salsalar gidansu a littafinsa mai suna Slaves in the Family, wanda aka buga a Amurka a 1998. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, takardun da masu binciken salsala suka fi dogara da su, wato wasiyya da takardun mallakar ƙasa da rajistar coci, an rubuta su ne domin tsare dukiya. Saboda haka asalin mai dukiya suke riƙewa, su yi shiru a kan wanda aka lissafa cikin dukiyar.

2.0 Abin da Takardun Suka Riƙe

Kakan gidan, Elias Ball, ya baro Ingila ya sauka Karolina a 1698 domin karɓar gadon wani sashe na gandun Comingtee da ke bakin kogin Cooper. Daga wannan shekara zuwa 1865, lokacin da aka kawo ƙarshen bauta, zuriyarsa ta mallaki gandayen shinkafa fiye da 20, da bayi kusan 4,000.

Ta fuskar iyayengiji, aikin marubucin bai yi wuya ba. Wasiyya ta ambaci magada da sunayensu, takardar ƙasa ta nuna wanda ya saya da wanda ya sayar, rajistar coci kuwa ta ajiye ranar baftisma da aure da binnewa. Idan aka gwama ukun, sai kowace ta gasgata 'yar'uwarta, nasaba ta miƙe daga uba zuwa ɗa.

Ta fuskar bayi kuwa lamarin ya sha bamban. A cikin wasiyya da jerin kayan gado, bawa yakan fito ne da suna guda da kuma kimarsa ta kuɗi. Dokar bayi ta Karolina ta Kudu ta 1740 ta tanadi cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa, don haka uwa ce mai gandu ya damu ya rubuta, domin ta nan ne mallakarsa ke tabbata. Ke nan a gida ɗaya an sami salsala iri biyu: ta ɗa mai bin uba, da ta bacucane mai bin uwa. Sai a ƙidayar 1870 ne akasarin waɗannan mutane suka fara bayyana a takardun hukuma da cikakken suna.

3.0 Ƙarfin Littafin

Inda Ball ya cancanci yabo shi ne yadda ya ƙi tsayawa inda takardun hukuma suka tsaya. Ya koma ga littattafan lissafin gandu, sannan ya nemi jikokin bayin ya saurari abin da suka gada a baka. Misali mafi fitowa fili shi ne na wata yarinya mai kimanin shekara 10 da jirgin ruwa mai suna Hare ya ɗauko daga Saliyo a 1756. Gidan Ball suka saye ta, suka laƙaba mata suna Priscilla, ta rasu a 1811. Ta hanyar bin sunayen 'ya'ya mata da iyayensu a littattafan gandu aka kai ga zuriyarta ta wannan zamani. Takardar da aka rubuta domin ƙirga dukiya ita ce ta koma shaidar nasaba.

4.0 Rauninsa

Duk da haka, akwai wurare biyu da aikin ya gaza. Na farko, labarin baka ba ya samun cikakken matsayi a littafin sai ya dace da takardar ubangida. Wanda sunan kakarsa ya faɗo cikin lissafi ya sami salsala, wanda bai faɗo ba ya zauna da zato. Har yanzu dai alƙalamin mai gandu ne alƙali.

Na biyu, wanda ya fi shafar masana harshe, shi ne batun sunaye. Sunan da uwar Priscilla ta raɗa mata ya ɓace, amma ba dukkan sunaye ne suka ɓace ba. A takardun Karolina ana cin karo da Cudjo da Cuffee da Quash, waɗanda sunayen rana ne na Akan masu nufin Litinin da Juma'a da Lahadi, kwatankwacin Ɗanjuma da Ɗanladi a wurin Bahaushe. Tun 1949 Lorenzo Dow Turner ya tattara kalmomi kusan 4,000 daga bakin al'ummar Gullah na wannan yanki, akasarinsu sunayen mutane, ya danganta su da harsuna irin su Mende da Yarabanci da Fulatanci da Hausa. Ball bai zurfafa a wannan fage ba. Sai dai a nan ma akwai buƙatar hattara, domin suna yana iya yawo ya bar asalinsa: wanda aka kira Cuffee a ƙarni na 19 ba lallai ne a ce kakansa Ba'akane ba ne.

5.0 Kammalawa

An ga yadda wasiyya da takardar ƙasa da rajistar coci suka wadatar wajen gina salsalar iyayengiji, suka kuma gaza a ta bayi. Abin da ya rage wa bawa a takarda shi ne sunansa guda, kuma mai tarihi shi kaɗai ba zai iya fassara shi ba. Jerin sunayen gandayen Ball yana jiran masanin harsunan Afirka ta Yamma da zai tace shi, ya bambance sunan da aka taho da shi daga gida da wanda aka ɗora a kasuwa.