Gyara kayanka: nazari a kan fim ɗin «Prêt à jeter»

A shekara ta 2010 ne Cosima Dannoritzer, Bajamusa mai shirya finafinan bincike, ta fitar da fim ɗin da tashar Arte ta nuna a 2011 da sunan «Prêt à jeter», wato abin da aka ƙera don a yar. Ya kwana biyu, amma har yanzu yana cikin finafinan da suka cancanci a nuna wa ɗaliban lise da ƙungiyoyin raya al'adu. Tambayar da ya ɗora a gabanmu ita ce: shin kayan lantarki da kansu suke mutuwa, ko kuwa tun a masana'anta aka yanka musu wa'adi?

Fim ɗin ya buɗe da wani matashi a birnin Barsalona wanda na'urarsa ta buga takardu ta tsaya cik. Duk shagon da ya je, amsar ɗaya ce: gyara ya fi sabuwa tsada, ka sayi wata. Ya ƙi. Daga nan mai fim ɗin ta bar shi yana bincike, ta koma da mu Janeba a 1924, inda manyan kamfanonin ƙwan lantarki, ciki har da Osram da Philips, suka ƙulla yarjejeniyar Phoebus, suka tsaida rayuwar ƙwai a kan awa 1000, tare da cin tarar duk wanda nasa ya zarce. Ta kai mu Livermore ta Kaliforniya, inda wani ƙwai yake ci tun 1901. Ta kuma tuna mana da Bernard London, wanda a 1932 ya nemi a mai da kashe kaya doka don a fita daga matsin tattalin arziki. A ƙarshe matashin ya gano wani ɗan guntu a cikin na'urarsa mai ƙidaya shafuka, wanda ke kulle ta idan adadi ya cika. Da wata manhaja da ya samu daga Rasha ya mai da ƙidayar sifiri, na'ura ta tashi.

Ƙarfin fim ɗin yana cikin wannan tsari. Dannoritzer ta ɗauki batun da aka saba ji a bakin masana tattalin arziki, ta ba shi ƙirar tatsuniya: ga ƙaramin jarumi, ga dodo, ga dabarar da ta kuɓutar da shi. Takardun Phoebus da ta nuna hujja ce da ba ta buƙatar dogon sharhi. Mai kallo yana fita da darasi guda mai amfani: kafin ka yarda cewa abu ya mutu, buɗe shi ka duba.

Amma aikin nazari shi ne a auna abu da ma'auni biyu. Rauni na farko: fim ɗin ya fi son labari mai daɗi da cikakken bayani. Ƙwan Livermore ya daɗe ne domin haskensa dishi-dishi ne ƙwarai. Masana sun san cewa ƙwai mai zare, in an tsawaita ransa, haskensa ke raguwa a kan wutar da yake sha. Wannan bai wanke ƴan Phoebus ba, sai dai malami ya kamata ya faɗa wa ɗalibansa, don kada su ɗauka cewa kowace lalacewa makirci ce.

Rauni na biyu ya fi taɓa mu. Idan fim ɗin ya iso Afirka, sai ya tsaya a Agbogbloshie ta birnin Akara, tare da ɗan jarida Mike Anane: hayaƙi, yara suna ƙona wayoyi don fitar da jan ƙarfe, ruwa ya yi baƙi. Gaskiya ne, kuma yarjejeniyar Bâle ta 1989 da ta Bamako ta 1991 ba su hana shigowar sharar ba. Sai dai binciken da aka yi a Gana a 2011, ƙarƙashin sakatariyar yarjejeniyar Bâle, ya nuna cewa mafi yawan tsofaffin kayan da ake shigowa da su suna aiki ko suna gyaruwa. Su wa ke gyara su? Nan fim ɗin bai tsaya sosai ba. Bature mai gyara shi ne jarumi, mu kuwa juji. Ranar da na nuna shi a aji, wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce: «Malam, abin da mutumin nan ya yi ai shi babana yake yi kullum a bakin kasuwa, ba wanda ya ɗauke shi a fim.» Ban sami amsar da zan ba shi ba.

Tun bayan fitowar fim ɗin abubuwa sun sauya. Faransa ta mai da gajarta ran kaya da gangan laifi a 2015, ta kuma tilasta, daga 2021, a liƙa wa wasu na'urori maki bisa 10 mai nuna sauƙin gyaransu. Tarayyar Turai ta amince da dokar ƴancin gyara a 2024. Hukumomin Gana sun rushe filin Agbogbloshie a 2021. Wato Turai tana neman komawa da doka inda mu muke da al'ada, a daidai lokacin da mu kuma muke barinta: salula mai araha da aka liƙe da gam, wadda ba ta buɗuwa, ta cika kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa, yaro kuma yana jin kunyar riƙe wadda aka gyara. Araha dai ba ta ado.

Shawarata ga ƴan'uwa malamai ita ce, a nuna fim ɗin, amma kada a bar shi shi kaɗai. A gayyato mai gyaran rediyo na unguwa ya zo da dalmarsa da matattun kayansa, ya nuna wa yara yadda ake gane waya ta tsinke ko ƙura ce ta toshe, ya kuma gargaɗe su cewa tsohon talabijin yana riƙe wuta ko an cire shi daga soket, batirin salula kuma yana kamawa da wuta in an huda shi. Ɗalibai su rubuta sunayen sassan da Hausa da Faransanci. Ta haka ne za mu ƙara babin da Dannoritzer ta bari. Magabata sun riga sun faɗa: gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.